Makullin Keken Baba a Cikin Ƙwarya

Da na ce "Mama!" na ware hannu zan rungume ta, sai ta ja da baya. A nan na fara jin cewa wani abu ya lalace. Mamata mace ce da ko daga nesa ta hango ni sai ta yar da abin da ke hannunta ta taho da guɗa. Ran nan kuwa ta tsaya ƙyam, makulli a hannunta, idonta ba a kaina yake ba, yana kan mazan da ke bayana. Hayaniyar da ta cika bakin mayo, wato kogin garinmu, ɗazun nan ta ɗauke ɗif, har ina jin motsin ruwa.

Wani daga bayana ya ce, "Ke, me kika ce da ita?"

Na juya da murmushina, don har lokacin ban gane komai ba. Na ce, "Mamata ce."

Bari in koma baya kaɗan, don ni ma sai daga baya na haɗa zancen.

Gidanmu a unguwar Wuro Patuji yake, cikin Mubi, amma a Michika na yi sakandare, a hannun ƙanwar Mama. Ina 'yar firit na tafi. Hutu kawai ke kawo ni Mubi, kuma ko na zo ba na sauka fadama, wannan aikin Baba ne. Baba ya rasu bara. Lambun rani shi ke ci da gidanmu, albasa da tumatir da alayyahu, shi ke riƙe da ƙannena a makaranta. Bana ne karon farko da Mama za ta tsaya a madadinsa ranar rabo.

Ga yadda abin yake. Da damina mayo yakan cika ya share iyakoki, ya zuba yashi a nan, ya bar laka mai kyau a can. Wurin da ya yi albarka bara sai ka tarar bana rairayi ne zalla. Shi ya sa babu mai cewa nan nawa ne. Duk shekara idan ruwa ya janye, sai a auna da igiya, a kafa turaku, kowane gida kaso ɗaya. Kowa ya kawo wata 'yar alama tasa a zuba cikin ƙwarya a rufe da ƙyalle. Daga nan masu kaso su zauna sun juya wa fadama baya, a hau titi a nemo baƙo mai wucewa wanda ba shi da kowa a cikinsu. Shi zai bi turakun, ya sa hannu ba tare da ya duba ba, abin da ya fito ya ajiye. Inda alamarka ta faɗa, nan ne gonarka har damina. Gidan da aka kama da cuwa-cuwa a wannan rabon kuwa, an kore shi daga fadama ke nan.

Duk wannan ban sani ba. Ni dai na gama jarrabawa, na tsaya na taya ƙanwar Mama girbi, sannan na kamo hanya ban faɗa wa kowa ba, wai ni a dole sai na ba Mama mamaki. Na tarar da gida a kulle, maƙwabciya ta ce tana bakin mayo. Ko jaka ban ajiye ba na sake tare keke napep.

Ina sauka sai ga wani mutum ya hauro da gudu-gudu, gajere mai faɗin kafaɗa, hularsa ta jiƙe da gumi. Daga baya na ji ana ce masa mai albasa, don shi ba ya shuka komai sai ita.

"'Yan mata, daga ina?"

"Daga Michika, Kawu."

Ya kalli jakata, ya tafa hannu. Ya juya ya ƙwala murya, "An samu! Baƙuwa ce, daga Michika!" Sannan ya ce da ni, "Zo ki taimaka mana, aikin lada ne, ba zai ɗauki lokaci ba."

Kai, na ji daɗi! Ba zan ɓoye ba. Na sauko na ga jama'a jere a kan gangare, maza a nan, mata a can ƙarƙashin mangwaro, kowa ya ba da baya kamar 'yan firamare da aka hukunta. Na so in yi dariya. Na leƙa ko zan gane ɗankwalin Mama, ban gane ba, suna da nisa. Na ce a raina ai ma ya fi, idan ta juyo ta ga ni ce na yi musu aikin, sai ta faɗi don murna.

Mutum biyu ne kawai suka raka ni. Ciyaman ɗin manoman, tsoho ne da idonsa ya fara hazo, da sakatarensu, wani saurayi da ya yi difloma a foli, mai son Turanci kamar me. Sakataren ne ya miƙo mini ƙwaryar yana gyara wuyan riga.

"Kin yi makaranta?"

"Na gama sakandare."

"Yawwa. To wannan shi ne alotmen. Kin san alotmen?"

Wayyo, kamar ya sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Malamin da ya koya mana darasin gwamnati ya sa mun haddace waɗannan kalmomin har muna mafarkinsu. Na zuba masa kamar ruwa: alot shi ne a ba mutum kasonsa, alotmen kuma kason da aka ba shi, ko da yankin ƙasa ne, kuma asalin kalmar daga ɗan abin da ake jefawa ne don a yi rabo. Sakatare ya buɗe baki. Ciyaman ya ce, "To ku bar Turanci, rana na yi."

Muka fara daga can ƙarshe, wajen yashi. Na sa hannu a ƙarƙashin ƙyalle, na zaro murfin kwalba, na ajiye a gindin turke. Na gaba, fulogin babur. Na gaba, ɓarin goro da ya bushe. Maɓalli, tsohon batir, ƙusa a lanƙwashe, har da haƙorin akuya. Duk wanda na zaro sai sakatare ya ce "Nes!" wato na gaba, ni kuwa ina tafe ina taku ɗai-ɗai, jaka a baya, ƙwarya a hannu, ina jin kaina kamar wata babbar jami'ar zaɓe da ake nunawa a talabijin. Laka na cin takalmina ban damu ba. Ina ta tsara yadda zan ba ƙawayena labari.

Ba mu yi nisa ba yatsuna suka taɓa wani abu da na sani. Ƙaramin makulli ne da 'yar igiyar fata a ɗaure, mai ƙulli biyu a ƙarshe. Makullin keken Baba. Da shi na yi wasa ina yarinya, shi nake ciro masa daga aljihu idan ya dawo daga lambu yana warin albasa. Tun ranar jana'iza ban sake ganinsa ba. Gabana ya faɗi, na ji idan na fito da shi fili zan fashe da kuka a gaban mutanen nan. Sai na sake shi, na ɗauko wani abin. Muka ci gaba. Duk lokacin da ya zo hannuna sai in kauce masa. Har ƙwarya ta zama babu komai sai shi, turke kuma ya rage ɗaya, na bakin ruwa, inda ƙasa ta yi baƙi wuluk tana sheƙi. Na ajiye shi a hankali, na share ido da gefen gyale.

Ciyaman ya buga sanda a jikin jarka. Jama'a suka juyo suka ɓarke da gudu, tsofaffi da matasa, kowa na neman alamarsa, masu ihu na yi, masu salati na yi, wata mata ta faɗi a laka ta tashi tana dariya. Sai na hango Mama ta duƙa a gindin turken ƙarshe tana ɗaukar makullin. Na ruga. Na ce, "Mama!"

Nan muka tsaya ɗazu.

Mai albasa ne ya yi tambayar. Alamarsa ita ce murfin kwalbar nan da na fara ajiyewa, a tsakiyar yashi. Ya matso, fartanya a hannunsa.

"Uwarki? Wannan matar uwarki ce?"

Mama ta ce, "Don Allah ku tsaya, ban san za ta zo ba, wallahi ban sani ba."

"Ba ki sani ba! 'Yarki ta sauka daidai lokacin rabo, ta ɗauki ƙwarya, bakin ruwa ya faɗo gidanku, ba ki sani ba!"

Kafin ka ce me an zagaye mu. Ciyaman ya kutso da sandarsa, ya kawo fuskarsa kusa da tawa yana ƙifta ido. Ya ce da Hausarsa ta tsofaffin nan da ba ta raba mace da namiji, "Kai, yarinya nan ya girma. 'Yar marigayi ne." Sannan ya ce, "Jikata, faɗa mini gaskiya. Da hannunka ya taɓa makulli, ka san shi?"

Na ga Mama tana girgiza mini kai a hankali. Na gane abin da take nufi, amma bakina ya riga ni. Na ce na san shi. Na ce tun da wuri na taɓa shi, na sake, don kada in yi kuka.

Wurin ya kece. "Kun ji! Ta sake shi! Da bakinta ta faɗa!" Mai albasa ya ɗaga fartanya ya sara ƙasa dab da ƙafata, laka ta fantsamo mini har fuska. Wani ya fizgi jakata, madaurin ya tsinke, kayana suka zube, har da garin da ƙanwar Mama ta aiko da shi. Wasu na cewa a kai mu wurin mai unguwa, wasu na cewa a kore mu yanzu-yanzu. Ban taɓa ganin fuskoki da yawa haka suna kallona da ƙiyayya ba, kuma waɗansu a cikinsu sun ci abinci a gidanmu ranar zaman makoki.

Wata tsohuwar Bafulatana, mai sayar da alayyahu, wadda kowa ke ce wa Dada, ita ta damƙi hannuna. Ban san tsohuwa na da ƙarfi haka ba. Ta ja ni ta tsakiyar mata, ta tura ni cikin ɗakin kwanon da suke ajiye injinan ban-ruwa, ta ja ƙofa, ta zauna a bakinta ta miƙe ƙafa. Ina ji tana cewa, "Mai son ta sai ya tsallake ni. Bismilla."

Ɗakin zafi kamar tanda, ga warin fetur. Na durƙusa a tsakanin tiyo da jarkoki. Abin da ke cina ba fartanyar ba ce kaɗai. Ni da na zo in faranta wa Mama rai, na zo na ƙwace mata abin da za ta ci da yara. Idan aka kore ta daga fadama, babu wata gonar. Na sa ido a wata ƙofar ƙusa ina leƙe.

Ciyaman ya yi ta buga jarka har aka lafa. Mai albasa ya yi magana mai tsawo, kuma ban ce duk ƙarya ya yi ba. Ya ce yashi ba ya riƙe ruwa, ya ce yara cike da gidansa, ya ce doka doka ce, da gidansa aka kama da tuni an kore shi. Mutane da dama suna gyaɗa kai.

Dada ko tashi ba ta yi ba. Daga zaune ta ce, "Kai ɗan nan, tsaya. Wa ya hau titi ya kawo ta? Ni ce?"

"Na tambaye ta daga ina, ta ce Michika!"

"To ƙarya ta yi maka? Ka tambaye ta wurin wa ta zo? Ka ga doguwar yarinya da jaka, baki ya buɗe, tambaya ta gudu."

Mata suka kwashe da dariya, har da wasu mazan. Wani ya ce da mai albasa, "Bappa, ashe da sauranka!" Mai albasa ya cire hula ya mayar, ya ce shi ba wasa ya kawo shi ba.

Wani dattijo daga cocinmu ya ce laifin ma ai na uwar ne, wa ya ce a kawo makullin da duk gidan suka sani? Mama ta ce da muryar da ban taɓa ji ba, ƙasa-ƙasa, "An ce in kawo alamar gidanmu. Ba ni da wadda ta fi wannan."

Sai sakatare ya miƙe ya ce tunda an kasa daidaitawa, sai a yi balot. "Sikiret balot," in ji shi, yana ɗaga yatsa. "Majoriti shi zai yanke." Ciyaman ya ce, "Ka ce a kawo tulu kawai, ɗana."

Ina kallo aka kawo tulu mai ƙaramin baki, aka kafa zana aka sa shi a baya. Aka bi kowane mai kaso aka ba shi ƙwayar masara ɗaya da ƙwayar wake ɗaya. Masara, gidanmu ya zauna. Wake, a kore mu. Mutum zai shiga bayan zana ya jefa ɗaya a tulu, ya fito da ɗayar a dunƙule, ya je ya wurga ta cikin mayo, don kada wani ya ga wadda ta rage masa. Mama ba a ba ta ba. Ta zauna ita kaɗai a kan igiyar awo da aka naɗe, makullin a tafin hannunta.

Abin mamaki, a cikin wannan tsoron sai muryar malaminmu ta dawo mini tar. Balot, ya ce mana, asalinta 'yar ƙaramar ƙwallo ce. Mutanen wata ƙasar Turai a da can suna jefa fara ko baƙa a cikin akwati, ba wanda ya san wadda ka jefa. Ranar da ya faɗa muna ta hamma, wata a bayana tana kitsa wa wata kai. Na rubuta a jarrabawa, na tabbata na ci makin. Ban taɓa tunanin akwai wanda yake zaune a gefe yana jira, alhali ana jefa ƙwallayen nan a kansa ba. Na kama maimaita ma'anonin a hankali kamar addu'a, alot, alotmen, balot, majoriti, don in hana haƙorana haɗuwa. Da suka ƙare na koma addu'ar gaske.

Ɗaya bayan ɗaya suke shiga. Na zuba wa kowace fuska ido ko zan karanta wani abu. Maƙwabcinmu mai gyaran inji ya fito bai kalli Mama ba, na ce shi ke nan, wake. Matar da ta faɗi a laka ta fito tana taunar wani abu, na ce ko masararmu ce ta cinye? Dada ta sa wata ta tsare mata ƙofa, ta je ta dawo tana ɗingishi, ta buga kwanon da gwiwar hannu ta ce, "Kina da rai?" Na ce e. Ta ce, "To ci gaba." Mai albasa ya daɗe a bayan zanar fiye da kowa. Me yake yi, ban sani ba har yau. Da ya fito ya wurga tasa ƙwayar da ƙarfi har tsakiyar ruwa.

Wannan shi ne abin da malam bai gaya mana ba game da ɓoye ƙuri'a. Yana kare mai jefawa, gaskiya ne. Amma ni da aka jefa a kaina, ko jiya na gaida wata a bakin famfo, ta amsa da fara'a, ina tafiya ina tambayar kaina me ta sa a tulun nan. Har yanzu idan na ji an sara ƙasa da fartanya kusa da ni sai na zabura.

Aka juye tulun a faifai. Suka rufu a kai, ban ga komai ba sai bayansu. Ciyaman ba ya gani sosai, don haka aka sa mutum ɗaya daga masallaci, ɗaya daga coci, suna warewa, sakatare na tsaye a kansu. Daidai nan aka kira la'asar daga cikin unguwa. Na cire idona daga ƙofar ƙusar, na kifa kai a kan jarka, na toshe kunne. Na ji hayaniya ta tashi, amma ban iya bambance ta murna ce ko ta faɗa ba.

Ƙofa ta buɗe, haske ya shigo. Dada ce.

"Fito, 'yata. Masara ta yi rinjaye. Babu mai taɓa ki, babu mai korar uwarki."

Na kasa tashi. Na ce, "Dada, bakin ruwan fa?"

"Wannan kuma ya tafi. Gobe za a sake rabo daga farko. Ciyaman ya ce wanda za a kawo sai an tambaye shi har sunan kakarsa, kuma ba mai albasa za a aika ba."

"Waken da yawa?"

Ta kalle ni, ta ɗan taɓe baki. "Akwai shi. Tashi ki wanke fuska, kin zama kamar dodon gona."

Na fito ina riƙe da bango. Wasu sun nufi alwala a bakin mayo, wasu na tuge turakun da na bi ɗazu da taƙama. Wata mata tana tattara mini kayana tana kakkaɓe garin. Mama ta taso. Ba ta yi guɗa ba. Ta rungume ni da ƙarfi har na ji ƙashina, sannan ta ɗaka mini duka a baya.

"Wayarki ta mutu ne? Ba za ki kira ki ce ga ki nan ba?"

Na fara dariya, dariyar ta juye kuka, ita ma haka. Ta buɗe hannuna ta sa mini makullin a ciki, ta rufe yatsuna a kansa. Sannan ta duƙa ta tsinci wani ɗan dutse a ƙasa, irin wanda babu wanda zai gane, ta ƙulle shi a bakin zanenta saboda gobe.